Ra'ayinmu: A daina binne tsofaffin gidaje a cikin siminti

Ranar Talata 3 ga watan Satumba na 2024, tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram ya rushe bayan wani ruwan sama mai ƙarfi. Ginin ƙasa ne da aka tayar tun tsakiyar ƙarni na 19, a zamanin Sarki Tanimun. Ya ga shigowar Faransawa, ya ga lokacin da Damagaram take babban birnin Nijar har zuwa 1926, ya sha damina kimanin 170 yana tsaye. Rahotannin da suka fito a wancan lokaci sun nuna cewa an riga an ga tsagu a jikinsa, amma ruwa ya hana a taɓa shi. Idan ba a manta ba, shekara guda kafin nan, ranar Juma'a 11 ga Agusta na 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ya rufta wa masallata ana cikin sallar La'asar, mutane suka rasu.

Waɗannan su ne gine-ginen da duniya ta ji labarinsu saboda suna da suna. Gidajen talakawa da na ƴan kasuwa kuwa a cikin lissafi kawai suka fito. Alƙaluman da hukumomin Nijar suka bayar game da daminar 2024 sun ce kusan mutum 400 ne suka rasa rayukansu, mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, gidaje fiye da 150,000 suka faɗi. Abin da ya kamata kowa ya tsaya a kansa shi ne, fiye da rabin waɗanda suka rasu ba ruwa ne ya tafi da su ba, gini ne ya faɗo musu, da yawansu a cikin ɗakunan da suka saba kwana.

Wannan jarida tana yin wannan magana da ƴan kasuwa ne kai tsaye, kuma da dalili. Tsofaffin gidajen da ke Zango da Birni a Damagaram, da na cikin garin Katsina, da Daura, da tsofaffin unguwannin Maraɗi da Ƙonni da Tawa, akasarinsu kuɗin fatauci ne ya gina su. Attajirai irin su Malam Yaro na Damagaram da gini suka nuna arzikinsu, da soro mai zanko da zane a fuskar zaure. Yau ma jikokin waɗancan fatake ne ke riƙe da gidajen, a cikinsu iyaye mata suke zaune, a zaurukansu ake ajiye buhunan wake da shinkafa da dilolin atamfa kafin ranar kasuwar Mai'aduwa ko Jibiya ko Maigatari ko Illela. Haka kuma ɗan kasuwa ne ke sayar da siminti, shi ke ɗauko shi daga Malbaza ko ya tsallako da shi daga Sakkwato, shi ne kuma mutumin da in an ce za a gyara gidan gado kowa ke duban aljihunsa. Saboda haka abin da ɗan kasuwa ya fahimta game da gyaran gini shi ne abin da za a yi wa gidan.

To, abin takaici, abin da aka fi fahimta yanzu shi ne gyara yana nufin siminti. Mutum ya samu riba a kakar bana, ya dubi gidan mahaifinsa ya ga yaɓe ya zube, sai ya aiko da buhu ashirin, a kira yara masu cokalin gini, a kafa ƙusoshi a bango, wani lokaci a shimfiɗa waya, a lafta fulasta, a shafa fenti. Kowa ya wuce ya ce Alhaji ya kyauta. Niyyar kam mai kyau ce, ba mu musa ba. Amma a mafi yawan lokuta wannan aiki rage wa gidan kwana yake yi.

Dalilin ba boyayye ba ne, kowane tsohon magini ya san shi. Bangon tubali yana shan ɗan ruwa da damina, ya fitar da shi ta jikinsa idan rana ta fito da iska ta kaɗa. Muddin ruwan da ya shiga yana samun hanyar fita, tubali yana nan da ƙarfinsa. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa kamun gaskiya, jingina kawai yake yi da ita, kuma yadda yake miƙewa da tsukewa tsakanin zafin rana da sanyin dare daban yake da na ƙasa. Ba a daɗewa sai ya yi ƴan tsagu sirara kamar gashi. Ruwa ya bi ta nan ya shiga, ko ya gangaro daga saman bango ta bayan fulastar, sa'an nan ya rasa mafita. Tubali ya jiƙe, ya yi laushi, ya riƙa narkewa a ɓoye, ƙusoshin da aka kafa su yi tsatsa su saki, alhali daga waje bango yana nan sumul da fentinsa. Da can idan yaɓe ya zaizaye mai gida yana gani da idonsa, ya kira magini. Yanzu an rufe masa ido. Ranar da zai sani ita ce ranar da fulasta za ta ɓallo falle guda, ko bangon ya zauna gaba ɗaya.

Duk wanda ke da gidan da aka yi wa irin wannan aiki yana iya gwadawa yau ba tare da ya biya kowa ko dala ba. Ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa ko da ɗan makulli, daga ƙasa zuwa sama. Inda ya ji sauti kamar ganga, fulasta ta rabu da tubali. Ya sa a fasa wurin kaɗan a duba. Idan ƙasar da ke ciki tana da danshi a tsakiyar rani, ko tana zubowa kamar gari, to akwai aiki a gaba, kuma aikin ba ƙarin siminti ba ne.

A watan Oktoba na 2024, bayan waccan ambaliya, gwamnatin Nijar ta rage farashin siminti domin waɗanda suka rasa muhalli su samu su sake gini. Wannan mataki ne da ya dace ga mai tayar da sabon gida daga tushe. Mu ba abokan gabar siminti ba ne. Yana da wurinsa a harsashin gini, da daɓen ƙasa, da kwata, da ramin masai, da sabon ginin bulo. Tsoronmu shi ne duk lokacin da siminti ya yi sauƙi, yawan tsofaffin bangaye da ake lulluɓewa da shi ƙaruwa yake yi, kuma sakamakon ba ya bayyana sai bayan damina biyar ko goma, lokacin da ba wanda zai tuna ya danganta shi da wancan gyara.

Amma ba siminti kaɗai ke cin gidajen nan ba, kuma a nan ne muke son a saurare mu da kyau, domin wasu laifuffukan na kasuwa ne.

Bango daga gindi yake fara mutuwa. A unguwanni da yawa, titi da lungu sun yi ta hawa shekara da shekaru saboda cikon ƙasa, da shara, da shimfiɗar hanya, har ya zama gidan da a da ake hawa dakali a shiga, yanzu gangarawa ake yi. Ruwan lungu ya kwanta a gindin bango, ƙasa ta tsotse shi ya hau sama, ya ɗauko gishirin da ke cikin ƙasa. Ruwan ya bushe, gishirin ya tsaya ya yi fari-fari, ya riƙa marmasa tubali. Shi ne za ka ga bango ya rame daga ƙasa kamar an yi masa ƙwarya, sama kuwa da nauyinsa. A zamanin da aka gina waɗannan gidaje ruwan da ake amfani da shi a gida na tulu ne, ana auna shi. Yau akwai famfo a tsakar gida, akwai bututun da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya sani, akwai wurin wanka da masai da aka manna da bangon maƙwabci, akwai wurin alwala a ƙofar zaure inda buta ashirin ke zuba sau biyar a rana. Bangon da aka gina don ya jure ruwan wata huɗu yanzu yana shan ruwan wata goma sha biyu.

A kan wannan sai ɗan kasuwa ya mayar da zaure ko shigifa sito. A jera buhunan gishiri, ko kanwa, ko takin zamani, a jingina su da bango tun daga daɓe har rufi. Waɗannan kaya suna jan danshi daga iska, kuma abin da ya tsiyaye daga jikinsu yana shiga tubali ya yi masa irin ɓarnar da gishirin ƙasa ke yi, har ma fiye. Ko buhun hatsi ne, jingina shi da bango yana hana iska ratsawa, yana tura bangon waje, yana kuma ɓoye hanyar gara da ramin ɓera. Gyaran wannan ba ya cin komai: a ɗora kaya a kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango wadda mutum zai iya ratsawa da tocila, gishiri da taki kuwa a nema musu wani wuri dabam. Wanda ya san yadda ake asarar buhu ɗari na wake saboda rufi ya zubo a dare guda ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Akwai kuma fasa bango don buɗe shago. Gida yana bakin hanya, hanya ta zama kasuwa, sai a huda ɗakin waje a sa ƙofar ƙarfe mai faɗi. Ginin tubali ƙarfinsa yana cikin kaurinsa: gindi mai faɗi, yana sirancewa yana hawa, kowane tubali yana zaune a kan na ƙasa da shi. Idan aka cire tsakiyarsa ba tare da an sa ƙaƙƙarfan abin da zai ɗauki nauyin sama ba, nauyin zai nemi hanya da kansa. Mun ga inda aka buɗe shago uku a jikin bango ɗaya. Mun ga kuma inda aka ɗora bene na bulon siminti a kan ginin ƙasa, ko aka zuba kankare a kan rufin azara, aka ɗora tankin ruwa a bisa. Tanki mai cin lita 1,000 nauyin ruwansa kaɗai tan guda ne, wato daidai da buhun siminti 20 a wuri ɗaya. Azarar giginya tana da ƙarfi, gara ma ba ta cika samun sa'arta ba, amma ba a yi ta don wannan ba, balle wadda bakinta ya shekara hamsin a cikin bango mai danshi.

Maganar rufi gajeriya ce. Indararo ya zama a buɗe, ya kuma yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango. Leda ɗaya da iska ta kai saman soro ta isa ta toshe shi, ruwa ya taru ya zama tafki a kan mutane. A hau a share kafin ruwan farko, a sake hawa bayan kowane babban ruwa. Wanda ya sa kwano, ya bar masa baki ya fito sosai.

Ba duka tsofaffin gidaje ne na tubalin ƙasa ba. Masu zirga-zirga zuwa Injamena da Kusiri da garuruwan Sudan sun san gidajen jan bulo, wato wanda aka gasa, kuma akwai irinsu a tsofaffin unguwannin ma'aikata na wasu biranenmu. Su ma cutar iri ɗaya ce, sai dai a layin da ke tsakanin bulo da bulo take kamawa. Tsohon jan bulo, musamman wanda aka gasa da itace, yana da laushi, kuma da laka ko farar ƙasa aka haɗa shi. An yi haka ne don layin ya fi bulon laushi, shi ya riƙa fitar da danshi, shi ya riƙa zaizayewa, domin sake cika layi abu ne mai araha, sake bulo kuwa ba haka ba. Idan aka cike layin da siminti tsantsa, danshi sai ya koma fita ta jikin bulon, fuskarsa ta riƙa ɓarewa, bayan ƴan shekaru ka ga layukan siminti sun fito zara-zara, bulo ya lotsa ciki. Yadda ake yi shi ne a ƙwaƙule tsohon layi da hannu, zurfinsa ya kai kamar ninki biyu na faɗinsa, ba da injin yanka ba don yana cin gefen bulo. A share ƙura, a yayyafa ruwa, a cika da kwaɓin farar ƙasa awo ɗaya da yashi awo uku, a danna shi sosai, a kare shi daga rana ya bushe a hankali. Inda dole sai an sa siminti, kada ya wuce awo ɗaya a kan farar ƙasa ɗaya da yashi shida. Kuma kada a shafa wa irin wannan bango fentin mai.

Ga ginin tubali, ƙa'idar ita ce a gyara ƙasa da ƙasa. A cire duk abin da ya ruɓe har a kai ga mai ƙarfi, a jiƙa wurin, a cike babban rami da tubali ba da laka zalla ba, kuma idan gindin bango ne ake yi, a riƙa yi gaɓa-gaɓa, kada a ƙwaƙule tsawon bango a lokaci guda. Ƙasar yaɓe a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta kwanaki ta tsima, ana juyawa. Magabata ba su tsaya nan ba. Suna da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, tana sa yaɓe ya ƙi ruwa. Suna da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ana shafe rufi da saman bango da shi ya yi shekaru. Waɗannan abubuwa ba su daina aiki ba, samunsu ne ya yi wuya: marina sun ragu, majema sun ragu, ɗorawa ana ta sarewa. A nan muna ganin akwai ciniki da aka bari a ƙasa. Ɗan kasuwar da ke iya kawo citta daga kudancin Kaduna ya kai ta Agadas ba zai kasa tara makuba daga ƙauyukan da ɗorawa take ya kawo birni ba, idan masu gidaje suka fara tambayarta.

Za a ce mana, me ya sa ba za a rushe kawai a yi ginin bulo a huta ba? Wanda yake da hali, kuma gidansa ya riga ya gama lalacewa, ba mu hana shi ba, rai ya fi gini. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Yawancin masu waɗannan gidaje ba su da kuɗin sabon gini, kuma a cikinsu za su ci gaba da kwana bana da baɗi. Sa'an nan bulon da aka buga da ƙarancin siminti don a samu yawa shi ma faɗuwa yake yi, an gani. Ga zafi: ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu kowa ya san yadda yake, a garuruwan da wutar lantarki ba ta da tabbas, alhali soron ƙasa mai kauri yana riƙe sanyi ga mutum da kayansa. Ginin ƙasa kuma ba abin kunya ba ne. Tsohon garin Agadas, da hasumiyarsa mai tsawon mita 27, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013. Masallacin Yama da ke jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, cikin jihar Tawa ɗin dai, an gina sabon masallaci da kasuwa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu maimakon a rushe shi. A Jenne ta ƙasar Mali, duk shekara gari ke fitowa a yaɓe babban masallaci, kuma wannan yaɓen na shekara-shekara shi ne abin da ya riƙe shi tun 1907.

Matsalar da ta fi kowace wuya ba ta gini ba ce, ta gado ce. Gida na mutum goma sha biyar, wasu suna Kano, wasu suna Kwatano, wasu suna Yamai, waɗanda ke ciki tsofaffi ne da zawarawa da ƴan haya. Kowa na cewa ba zai zuba kuɗinsa a abin da ba nasa shi kaɗai ba. Mai hali yana tsoron in ya gyara a ce yana shirin cinye gidan, marar hali yana jiran mai hali. Haka damina ke zuwa ta wuce. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin maganin irin wannan, domin kullum suna haɗa jari da mutanen da ba dangi ba ma. A zauna gaban shaidu, ko gaban mai unguwa ko alƙali, a rubuta abin da kowa ya bayar, a amince cewa kuɗin gyara bashi ne a kan gida ko kuwa sadaka ce, kowa ya sani. Inda akwai shago ko ɗakin haya, a ware kuɗin wata ɗaya a shekara don yaɓe da indararo kafin a raba saura. Yaɓen shekara kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da tayar da bangon da ya faɗi, balle idan ya faɗa gidan maƙwabci.

Su ma hukumomi akwai nasu. Ma'aikatun magajin gari a Nijar da ƙananan hukumomi a Nijeriya suna karɓar haraji a kasuwanni duk mako, kuma ƙungiyoyin ƴan kasuwa suna da bakin da za su tambayi inda kuɗin kwata yake. Duk wanda zai ɗaga titi a tsohuwar unguwa, ya fara nuna inda ruwan gidaje zai bi. Muna kira da a riƙa zagayen duba gidaje tsakanin Fabrairu da Afrilu, tare da Sarkin Magina da mutanensa, tun da sarautar tana nan a masarautu da dama, kuma su ne suka san ginin. A sa su cikin kwangilar gyara, a haɗa su da matasan da suka koyi aikin bulo kawai, domin tsofaffin da suka iya ɗaurin baka da haɗa laso suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Darasin masallacin Birni a fili yake: idan aka bari sai ruwa ya sauka kafin a duba tsaga, ba magini da zai iya taɓa ta.

Kafin hukuma ta motsa, mai gida ya fara da tsagar da ke ɗakinsa. Ba kowace ce abin tsoro ba. Ta saman yaɓe, siririya, ta bushewa ce. Wadda ake gudu ita ce wadda ta ratsa bango ana ganinta ciki da waje, ko ta tafi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko ta fi faɗi a sama, ko ta raba bango biyu a kusurwa. A ja layi da alli a ƙarshenta, a auna faɗinta da tsinke, a rubuta kwanan wata a gefe, a dawo bayan mako biyu. Idan ta wuce layin, ko ƙofar da ke rufuwa da ta fara cijewa, ko ƙasa ta fara zubowa daga tsakanin azara, a fitar da mutane daga ɗakin a wannan rana, a tokare rufin, sa'an nan a aika a kira magini.